Ɗalibai a Lambun Titin Brush: Nazarin Wani Aikin Sa-kai a Detroit

A shekarar 2011 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Michigan, Tyson Gersh da Darin McLeskey, suka shiga gwanjon da gundumar Wayne ke yi na gidajen da aka ƙwace saboda bashin haraji. Suka sayi wani tsohon bene a titin Brush, cikin unguwar North End ta birnin Detroit da ke Amurka, a kan kimanin dala 5,000. Babu kowa a cikinsa, kuma abin da ke kewaye da shi kangaye ne da filayen da ciyawa ta cinye. Nan suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Michigan Urban Farming Initiative, wadda aka fi sani da MUFI, da niyyar su noma kayan lambu su raba wa mutanen unguwa kyauta. Ba su ɗauki ma'aikaci ko ɗaya a kan albashi ba. Duk abin da za a yi, daga kwashe shara har zuwa girbi, masu aikin sa-kai ne za su yi shi, kuma na farkonsu 'yan'uwansu ɗalibai ne.

Bayan shekara biyar, a ƙarshen 2016, ƙungiyar ta fito da alƙalumanta: lambu mai faɗin eka biyu, itatuwan marmari 200, irin kayan lambu wajen 300, masu aikin sa-kai 8,000 da suka ba da awa 80,000, da amfanin gona da ya haura fam 50,000 a awon Amurkawa, wato kusan kilo 22,700, wanda aka raba wa gidaje wajen 2,000 da coci-coci da wuraren rabon abinci. Jaridu suka ɗauka. Manyan kamfanoni irin su General Motors da BASF suka shigo da tallafi, aka yi ta yawo da hoton lambun, kore shar a tsakiyar kangaye. Waɗannan alƙaluma za mu bi, domin duk wanda ya zauna da su ya ɗauki biro zai ga abin da hannun ɗalibi ke iya yi wa unguwar da abinci ke wa wuya, ya kuma ga inda hannun ke tsayawa.

Garin da fili ya yi wa yawa

A ƙidayar 1950 Detroit na da mutum 1,849,568. A ta 2010 saura 713,777. Kamfanonin ƙera motoci sun kwashe masana'antunsu zuwa bayan gari da wasu jihohi, fararen fata suka bi su, daga baya baƙaƙe masu hali su ma suka bi sahu. Faɗin garin kuwa na nan yadda yake, murabba'in mil 139. Gida idan ya zauna babu kowa, sai ɓarayi su cire bututun ruwa da wayar wuta, rufi ya fara yoyo, wata rana gobara ta tashi, hukuma ta zo ta rushe abin da ya rage. Haka layi guda ke zama fili. A watan Yulin 2013 gwamnatin birnin kanta ta kai ƙarar karyewarta kotu, da bashin da ya kai wajen dala biliyan 18.

Kantuna ma sun bi mutane. A 2007 kamfanin Farmer Jack ya rufe rassansa na ƙarshe, aka wayi gari babu wani babban kamfanin kantunan abinci na ƙasa da ke da reshe a birnin. Akwai kantuna masu zaman kansu, akwai kuma tsohuwar kasuwar Eastern Market da ke cika ranar Asabar, amma a unguwanni da yawa abin da ya fi kusa da ƙofar mutum shi ne shagon gidan mai ko na sayar da barasa, inda abincin gwangwani da lemon kwalba da biskit suka cika kanta, ɗanyen ganye kuwa sai an tona. A garin da ake wa kirari da birnin motoci, wajen gida ɗaya cikin huɗu ba shi da mota.

Shekaru da dama ma'aikatar noma ta Amurka ta riƙa auna matsalar ƙarancin abinci da tambayoyi masu sauƙi da take yi wa magidanta kowace shekara. Shin kun taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin kuɗi su shigo? Kun taɓa rage yawan abin da kuke ci, ko tsallake cin rana, saboda babu? A 2011, shekarar da ɗaliban suka sayi benen, kashi 14.9 cikin 100 na gidajen ƙasar sun faɗa cikin rukunin masu ƙarancin abinci. A lura da tambayoyin da kyau: duk a kan kuɗi suke. Nisan kanti na ƙara wa abin nauyi, amma tushensa aljihu ne. Za mu dawo kan wannan.

Noma a cikin Detroit kuma ya girmi ɗaliban nesa ba kusa ba. A 1894, bayan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, magajin gari Hazen Pingree ya aro filayen da ba a gina ba, eka 430, ya raba wa iyalai kusan dubu ɗaya su shuka dankali. A shekarun 1970 magajin gari Coleman Young ya kawo shirin Farm-A-Lot, mai ba mazauna izinin noma filin da ke maƙwabtaka da su. Akwai kuma dattawan da suka yi ƙaura daga jihohin kudu, suka zo da sanin noma a hannunsu, suna shuka a bayan gida ba tare da sun jira wani shiri ba. Wasunsu ne suka haɗu a ƙungiyar Gardening Angels. Da 'yan gwagwarmaya James Boggs da matarsa Grace Lee Boggs suka kafa shirin Detroit Summer a 1992, suna gayyato matasa daga cikin birni da wajensa su yi aikin gyaran unguwa a lokacin hutu, wurin waɗannan dattawa suka tura su. Yaro ya kawo ƙarfi, tsohuwa ta nuna masa inda zai sa shi. A cikin North End ɗin ma, kafin ɗaliban MUFI su iso da 'yan shekaru, mutanen wani coci sun riga sun fara lambun da ya zama Oakland Avenue Urban Farm, ƙarƙashin jagorancin Jerry Hebron.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawa

Wanda ya ga fili kore a Detroit zai ɗauka shebur kawai ya rage. Filin nan kuwa gida ne a da. A rushe-rushen shekarun baya, sau da yawa ana tura ɓaraguzan ne cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan, a zuba ƙasa a kai, a daddale. Ka kafa shebur, taƙi ɗaya ka ji ƙarar bulo. Ka tono shi, ga kwalba, ga ƙusa, ga guntun bututu, ga tsumman darduma da ya shekara talatin bai ruɓe ba.

Wanda ido ba ya gani ya fi wannan haɗari. Sai a 1978 Amurka ta hana amfani da fenti mai dalma a gidaje, kuma sai a 1996 ta gama hana man fetur mai dalma ga motocin kan titi. Yawancin gidajen North End sun girmi dokokin biyu. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a saman ƙasa, musamman kusa da inda bango yake a da da kuma bakin titi, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Shekaru da yawa hukumar kare muhalli ta ƙasar na ɗaukar kashi 400 cikin miliyan a matsayin iyakar da za a fara damuwa da ƙasar wurin zama, sannan a Janairun 2024 ta sauke shi zuwa 200. Saboda haka lambun kirki a birnin da gwajin ƙasa yake farawa. Inda aka ga dalma ta yi yawa, ko dai a bar wurin, ko a kafa akwatunan katako a cika su da sabuwar ƙasa da taki, a rufe hanyoyin da ke tsakaninsu da ɓawon itace don kada ƙura ta tashi.

A wannan mataki babu kamar ɗalibai. A duk lambun da ke karɓar su, ranar Asabar kusan iri ɗaya ce. Mota ta sauke mutum talatin da safe, a raba safar hannu, a nuna musu tulin taki da babbar mota ta juye a bakin hanya. Wasu na lodi, wasu na tura baro, wasu na bazawa da manjagara. Kafin la'asar tulin da zai ci wa dattawa biyu mako biyu ya ɓace. Tsofaffin tayoyi sun taru gefe guda, an sare kurmin da ya rufe hanyar ƙafa, an buga katako a tagogin kangon da ke kusa. Aiki ne mai nauyi, mai farko da ƙarshe, wanda mutum zai koya cikin minti biyar, kuma yawan hannu ne kaɗai maganinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa ga hannu sittin.

Sai a koma cikin shuka, a nan labari ke sauyawa. Karas idan ya tsiro, ganyensa biyu na farko sirara ne kamar ciyawa. Ka sa sabon zuwa ya cire ciyawa a layin karas, ka juya baya, ka dawo ka tarar ya share layin tas yana murmushi. Ka ba shi tiyo ka ce ya yi ban-ruwa, zai tsaya ya fesa wa ganye na minti biyu, saman ƙasa ya yi baƙi, ya wuce gaba. Ka tura yatsa ciki, gaɓa ɗaya ka taɓa busasshiyar ƙasa. Ba laifinsa ba ne, babu wanda aka haifa da sani. Amma koyarwa lokaci take ci, kuma lokacin wanda ya fi kowa iya aikin take ci. Duk rukunin da ya zo, sai an sake bayani daga farko: wannan shuka ce, wannan ciyawa, kada a taka kunya, a mayar da kayan aiki inda aka ɗauko su.

Yanzu a raba awa 80,000 ga mutum 8,000. Kowa awa goma ke nan, cikin shekara biyar. Asabar biyu. Tun da kuwa akwai 'yan tsiraru da suka ba da ɗaruruwan awoyi, mafi yawan sauran sau ɗaya suka zo. Daidai lokacin da mutum ya fara bambanta karas da ciyawa, ya riga ya hau mota.

Kalanda biyu da ba sa haɗuwa

Daga Ann Arbor, inda babbar harabar jami'ar take, zuwa Detroit tafiyar wajen kilomita 70 ce. Nisan ba shi ne babbar matsala ba. Zangon karatu na farko yana farawa ne a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, na biyu ya ƙare a ƙarshen Afrilu. Ƙasar Michigan kuwa daga Disamba zuwa Maris a daskare take. Sanyi mai kashe shuka ba ya sakin gari sai wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kuma yana dawowa a Oktoba. Tumatir da barkono ba a dasa su a fili sai tsakiyar Mayu ta wuce. Wato watannin da ɗalibi ke kusa, yawancinsu lambu na barci ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma makon da lambu ya farka shi ne makon da ɗalibi ke ɗaure kayansa zai tafi gida ko wurin aikin hutu.

Yuni da Yuli da Agusta su ne watannin da lambu ke neman mutum kullum. Ba taron mutum talatin yake so ba a lokacin, mutum biyu yake so da za su zo da sassafe, yau da gobe da jibi. Ciyawar da aka ƙyale mako biyu a Yuli ta fi ƙarfin fartanya. Kokwamba idan ba a tsinke ta ba, sai ta ƙosa ta yi ɗaci, uwar kuma ta rage haihuwa. Tumatirin da ya sha ƙishi sannan aka kwarara masa ruwa rana ɗaya, fashewa yake yi a jikin reshe. Latas kuwa da zafi ya taso sai ya miƙe ya yi fure. Duk wannan ba ya jiran Asabar, balle ya jira Satumba. Da ɗalibai suka dawo, abin da za su tarar shi ne ko dai girbin da wani ya yi wa wahala, ko kurmi.

To wa ke riƙe lambun a waɗannan watanni? A MUFI, cikin mutum 8,000 ɗin nan ba duka ne ɗalibai ba, akwai ma'aikatan kamfanoni da ake kawowa rukuni-rukuni, kuma suna toshe wani giɓin. Amma su ma baƙin yini ɗaya ne. Nauyin yau da kullum kan 'yan mutane ƙalilan yake sauka, waɗanda suka mayar da lambun rayuwarsu. Tsarin da ba ya biyan kowa albashi yana da daɗin faɗa a gaban masu ba da tallafi, sai dai a aikace ma'anarsa ita ce wani na yin aikin cikakken ma'aikaci kyauta. Wanda ke iya wannan kuwa sai mai wata madogara. Uwar da ke aiki biyu don ta biya haya, wadda ita ce ake cewa ana yi domin ta, ba ta da awa arba'in da za ta bayar a mako. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, amma a nan har ɗan garin ma talauci ya hana shi tsayawa.

Akwai wani juyin kuma da ya fi na shekara tsawo. Digiri shekara huɗu ne. Ɗalibar da ta san inda makullin famfo yake, ta san wane layi aka shuka tumatir bara don kada a maimaita, ta san sunan dattijon da ke zuwa karɓar ganye ba ya son a tambaye shi komai, wata rana za ta sa hular kammala karatu ta tafi da duk wannan a kanta. Idan ba a rubuta ba, kuma babu ɗan unguwa da ya sani tare da ita, sabbin zuwa daga sifili za su fara.

Lissafin kilo

A raba kilo 22,700 ga damina biyar, daga 2012 zuwa 2016. Kowace shekara kusan kilo 4,500. A raba wa gidaje 2,000, kowane gida ya tashi da kilo biyu da 'yan kai a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, wato kilo 146 a shekara. A wannan ma'auni, amfanin lambun na shekara guda zai wadatar da mutum 31. A raba kilon ga awoyin aiki kuma, kowace awa ta haifar da abin da bai kai giram 300 ba.

Adalci ya sa a ce shekarun farko gyaran fili aka yi ta yi, amfanin shekarun baya ya fi na farko yawa, itatuwan ba su fara haihuwa sosai ba, kuma awoyi masu yawa sun tafi wajen share unguwa da gyaran gini. To a ninka amfanin sau biyu, ko sau uku. Har yanzu mutum ɗari ba su cika ba. Sannan kayan lambu ba su ke riƙe ciki ba: kilo guda na tumatir bai wuce kalori 180 ba, babban mutum kuwa na buƙatar wajen 2,000 a rana. Rumbun abincin agaji na Gleaners, da ke aiki a yankin tun 1977, yana raba fiye da tan dubu goma a shekara. Shirin gwamnatin tarayya na SNAP, mai sa wa talakawa kuɗin sayen abinci a kati duk wata, ya fi wannan ma girma nesa. Duk wanda ya ce lambun eka biyu zai kori yunwa daga unguwa, bai ɗauki biro ba.

Wannan bai sa aikin ya zama banza ba, sai dai amfaninsa na wani wuri dabam da inda tallar ke nunawa. Abin da rumbun agaji ya fi rabawa shi ne abin da ke jure ajiya. Ganyen kolad, wani dangin kabeji, da aka yanka da safe, da kuɓewa, da barkono mai yaji, waɗanda iyalan da asalinsu kudu ne suka saba dafawa, su ne ke wuyar samu da kyau a kusa. Wani bincike da Katherine Alaimo da abokan aikinta suka yi a Flint, wani birnin na Michigan, aka buga a 2008, ya gano cewa manyan da wani nasu ke aiki a lambun unguwa sun fi sauran cin ganye da marmari, da bambancin sau 1.4 a rana. A lura, gidan mai yin aikin ne ya amfana. Binciken bai ce komai a kan wanda aka miƙa wa leda ba. Idan haka ne, lambun da ɗalibai ke nomawa 'yan unguwa na karɓa ya bar babban rabon amfanin a hannun ɗaliban.

Share filin kansa ma magani ne. A Philadelphia an yi gwaji a kan ɗaruruwan filaye, aka gyara wasu aka bar wasu, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 kusa da filayen da aka gyara a unguwannin matalauta. Kwashe shara aka yi, da shuka ciyawa da 'yan itatuwa, da kafa ɗan shinge. Irin aikin Asabar ɗin nan ne sak, wanda ɗalibai suka fi iyawa.

Game da aljihu kuwa, dabarar da ta fi taɓa shi a Detroit ba a lambu aka yi ta ba. A 2009 ƙungiyar Fair Food Network ta fara shirin Double Up Food Bucks a kasuwannin manoma biyar na birnin: mai katin SNAP idan ya kashe dala ɗaya, a ƙara masa wata dalar ya sayi kayan lambun da aka noma a jihar. Mai saye ya samu ninki, manomi ya samu ciniki. Kyauta zalla tana da wani lahani da ba a cika faɗa ba, domin ɗan unguwar da ke noma ya sayar, yana biyan matasan da ke taya shi, ba zai iya gasa da tumatirin da ake rabawa a banza a layi na gaba ba.

Fili na wa?

A koma kan gwanjon da labarin ya fara da shi. A Michigan, gidan da aka bi bashin harajinsa shekara uku gunduma na ƙwace shi ta sayar, kuma a zagaye na biyu na gwanjon Wayne a wancan lokaci dala 500 ce farkon tayi. Binciken farfesar shari'a Bernadette Atuahene ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2015 an ƙwace kadara ɗaya cikin kowace huɗu a Detroit ta wannan hanya. Jaridar Detroit News kuma ta lissafa a 2020 cewa an caji masu gidaje harajin da ya wuce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016, saboda hukuma ba ta sauke ƙimar gidajen ba bayan farashinsu ya faɗi. Benen da ɗaliban suka saya kango ne, ba su fitar da kowa ba. Amma ƙofar da ta buɗe musu da araha ita ce ƙofar da dubban iyalai suka fita ta cikinta da kayansu a ka. Maƙwabcin da ya ga baƙi da shebur yana da dalilin tsayawa ya duba kafin ya yi murna.

Mutanen birnin sun daɗe da faɗar wannan. A 2006 Malik Yakini da abokansa suka kafa Detroit Black Community Food Security Network, ƙungiyar baƙaƙen birnin mai fafutukar wadatar abinci, kuma cikin dalilan da suka bayar har da cewa sun ga matasa fararen fata, masu kyakkyawar niyya, suna riƙe da ragamar harkar noman birni fiye da yawansu, a garin da fiye da kashi 80 cikin 100 na mazaunansa baƙaƙe ne a lokacin. Gonarsu ta D-Town, eka bakwai a cikin Rouge Park, tana karɓar masu aikin sa-kai, har da ɗalibai. Bambancin shi ne wa ke cewa a shuka kaza, kuma wa ke magana da 'yan jarida. A Disambar 2012, lokacin da majalisar birnin ta amince a sayar wa attajiri John Hantz filaye wajen 1,500 a kan kimanin dala rabin miliyan don ya shuka itatuwa, masu ƙananan lambuna da suka shekara suna neman a sayar musu da fili ɗaya tak sun ga yadda abin yake. Sai a 2013 ma birnin ya yi dokar da ta amince da noma a matsayin halastaccen amfani da fili.

Ɗalibin babbar jami'a yana zuwa da abin da ya fi ƙarfin damtse: ya iya rubuta takardar neman tallafi, ya iya Facebook, ya san yaren da kamfanoni ke ji. Shi ya sa lambun da bai wuce shekara biyar ba ya yi sunan da waɗanda suka girme shi ba su yi ba. Suna kuwa yana jawo ido kan unguwa. A Mayun 2017 aka buɗe layin tarago na QLine a titin Woodward, wanda ƙarshensa na arewa ke bakin North End, masu gine-gine suka fara leƙowa. Lambun da ke kan filin da ba nasa ba, gyaran da ya yi wa unguwa ne ke ɗaga farashin ƙasar da yake tsaye a kai. Kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka ne a 2020 ƙungiyar su Yakini da ƙungiyar masu lambu ta Keep Growing Detroit da Oakland Avenue Urban Farm suka haɗa asusun Detroit Black Farmer Land Fund, don manoman birnin su mallaki filayen da suka daɗe suna nomawa. A 2023 birnin ya naɗa Tepfirah Rushdan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa asusun, darakta ta farko mai kula da noman birni.

A ganina, ɗaliban titin Brush sun yi abin da mutane da yawa masu surutu ba su yi ba. Sun ga kango sun mayar da shi lambu, kuma akwai tukwanen da ganyensu ya shiga. Inda na fi karkata shi ne tsarin Detroit Summer, wanda ya girme su da kusan shekara ashirin: a tarar da mai lambu, a tambaye shi abin da ya fi ƙarfinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila baro ne, wataƙila takardar neman tallafi ce da za a rubuta da sunansa, wataƙila ɗalibi ɗaya ne da jami'a za ta biya ya zauna daga Mayu zuwa Agusta yana ban-ruwa, a maimakon motoci uku a Oktoba. Masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan sun lissafa a 2010 cewa filayen hukuma da ke zaune a Detroit za su iya samar da kusan kashi uku cikin huɗu na kayan lambun da mazauna ke ci, idan aka haɗa da rumfunan leda masu tsawaita damina da wuraren ajiya. Rumfar leda da ɗakin sanyi kuwa sai da jari da ma'aikacin dindindin.

A cikin North End ɗin dai, a titin Woodward, tafiyar 'yan mintuna daga titin Brush, ƙungiyar su Yakini ta shafe fiye da shekara goma tana haɗa kuɗi da filaye don gina kantin abinci mallakar jama'a. Ginin ya ci fiye da dala miliyan 20. Mai son zama mamba yana biyan dala 200 sau ɗaya, ya samu ƙuri'a ɗaya, daidai da ta kowa, kuma kantin na sayen kaya daga manoman birnin. An buɗe Detroit People's Food Co-op ranar 1 ga Mayun 2024. A makon ne ɗaliban Ann Arbor ke gama jarrabawa, bikin yaye su ya kama ranar 4 ga wata, tumatir kuwa bai shiga ƙasa ba tukuna.